Rufin tamfol na tsohuwar Mercedes ya ƙame a rabin hanya: iska ce ko mai?

Sanusi: Assalamu alaikum ƴan zaure. Iyaye da yayye, shawara nake nema. Motar marigayi Alhajinmu ce, Mercedes 500 SL ta 1992, tana aje a rumfar gida nan Ali Ɗan Sofo. Tun rasuwarsa rufin ƙarfe ne a kanta, ba wanda ya taɓa na tamfol da ke naɗe a baya. Inji lafiya lau, mukan tada ta lokaci zuwa lokaci. Yanzu bikin ƙanena ya matso, shi ne muka sauke na ƙarfen, da ƙyar ma makullansa suka saki. Na danna jan maɓallin nan na kusa da giya, gilasai suka sauka, murfin baya ya buɗe, tamfol ya taso yana fizga, da ya kai rabi sai ya ƙame. Famfon yana ta kuka a but amma babu motsi. Na ɗaga safayar taya na duba tankin man, ya sauka ƙasa da layi, kuma man ya yi baƙi, ga kumfa. Wani yaron gareji ya ce iska ce, a zuba man birki a fitar da ita yadda ake yi wa birki. In yi?

Baba Ila: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka zuba. Ko ɗigo. Bari in idar da abin da ke hannuna in dawo.

Lawali Mai Tifa: Sanusi ƙanena, abin nan bai kai ga tada hankali ba. Jak ne kawai irin na tifa, an ƙanƙanta shi. Aiko yaro da bido in tsiyaya maka mai lamba 68 wanda muke sa wa tifofi da katafila. Tan nawa na yashi yake ɗagawa daga gulbi kullum? Tamfol ne zai gagare shi?

Habu Kayan Mota: A'a maigida Lawali, wannan ya yi kauri. Jan man giya na otomatik ake sa wa masu buɗaɗɗen kai. Akwai shi a shago, Dexron.

Nafi'u Beljiyam: Gaisuwa ga manya. Ni dai a unguwar Heyvaert nake aiki a Burasel, inda ake tara motocin da ke bi ta tashar Antwerp su zo ƙasashenmu, kuma irin wannan SL ɗin takan faɗo hannunmu. Ana kiran samfurinta R129, an fara ta 1989 aka rufe 2001. Manta na rufi ba na birki ba ne, ba na giya ba ne. Sunansa ZH-M, lambar ƙa'idarsa a wurin Mercedes 343.0. Kamfanin Febi ma yana yin sa, lamba 02615. Mai ne marar kauri, launinsa fari-fari da ɗan rawaya. Yaya Habu, abin da ka faɗa gaskiya ne amma ga motocin Amurka. Mustang ta shekarun 1960 famfonta na bayan kujerar baya, silinda biyu kacal, ɗaya dama ɗaya hagu, ita jan man giya take sha. Wannan kuwa silindojinta sun haura goma.

Habu Kayan Mota: Sun haura goma? Don rufi kawai?

Nafi'u Beljiyam: Ƙirga mana. Biyu na makullan gaba a saman gilashi, biyu na makullan baya, na ɗaga murfi, na kulle murfi, manyan da ke ɗaga rufin kansa, waɗanda ke ɗaga baka ta baya, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke riƙe ƙarshen tamfol, sannan na ƙarfen kariya da ke bayan kujeru, wanda ke tashi da kansa cikin kashi uku bisa goma na daƙiƙa in mota za ta kife. Duk famfo ɗaya ke ciyar da su.

Baba Ila: To na dawo. Sanusi, kafin mu shiga gardamar mai, amsa mini abu uku. Yaron nan ya riga ya zuba wani abu ko bai zuba ba? Ka ga tabon mai a wani wuri, ko cikin but, ko ƙasan mota gaban tayoyin baya, ko kan kujera? Kuma da injin a tashe ka danna ko da batir kaɗai?

Sanusi: Baba, bai zuba ba, kwalbar na nan a rufe. Da batir kaɗai na danna. Tabo kuwa, yanzu da ka faɗa na je na duba. Akwai maiƙo a kan sitiyari da kan kujerar direba, kuma robar da ke saman gilashin gaba ta jiƙe, in ka latsa ta da yatsa sai mai ya fito. Da na ɗauka yara ne suka ci wani abu a ciki.

Baba Ila: Shi ke nan, ɓarawo ya bayyana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iska ba ta zo da ƙafarta ba, ɗana. Mai ne ya zuba ta robobin silindojin gaba, tanki ya sauka, famfo ya zuƙi iska maimakon mai. Man wannan tsari ba ya ƙonewa irin na inji, ba ya ƙafewa. In ka ga ya ragu, to wani wuri ya bi.

Batun man birki kuma. Wanda ake sayarwa, DOT 3 da DOT 4, ba man ma'adini ba ne, wato wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur irin na rufin nan, wani sinadari ne daban. Robobin da aka yi don man ma'adini in ya taɓa su sai su lalace, su yi laushi ko su farfashe. Yana kuma jan ruwa daga iska, ya sa tsatsa cikin famfo. Na uku, yana cin fenti. Ka duba inda motarka ke yoyo, saman gilashi ne, daga nan zai gangaro kan fenti da katakon gaban mota. An taɓa kawo mini wata da aka yi wa haka a wani gareji, silindojin da ke da lafiya ma duk sai da suka bi sahu.

Malam Sabi'u: Baba, amma na taɓa ji daga bakin tsofaffi cewa masu buɗaɗɗen kai na da can man birki ake sa musu.

Baba Ila: Ba su yi ƙarya ba, Malam. Wasu na Amurka na wajajen 1950 haka aka ƙera su, robobinsu na man birki ne. Waɗannan kuma in ka zuba musu man ma'adini robobin kumbura suke. Kowace da abincinta. Citroën ma haka ta yi, da jan mai take amfani, daga 1966 ta koma kore, LHM, kuma ba a haɗa su. Mu da muka koyi aiki kan motocin Faransa wannan shi ne abu na farko da maigida ke ja maka kunne a kai.

Lawali Mai Tifa: Na yarda man birki ya fita daga lissafi. Amma Baba, nawa ai na ma'adini ne, ba zai ci roba ba. Kuma ku tuna inda muke. Wanda ya rubuta littafin motar nan a Jamus yake zaune. Mu nan watan Afrilu da Mayu zafi na haura 40, cikin but ɗin baƙar mota kuwa Allah kaɗai ya sani. Mai marar kauri a wannan zafin ruwa yake komawa, shi ya sa ma yake tsiyaya. Sa mai kauri ka ga in yoyon bai ragu ba.

Injiniya Rabi'u: Maigida Lawali, maganarka da ƙamshin gaskiya, zafi na tsinka mai. Sai dai tifa da wannan ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Famfon tifa injin babbar mota ke juya shi, tiyonsa ya kai kaurin hannu. Wannan ƙaramar motar lantarki ce ta bolt 12, tiyoyinta ba su kai kaurin fensir ba, kuma suna da tsawo, tun daga but har saman gilashin gaba, ga ƙananan bawul masu aiki da lantarki a tsakani. Mai kauri zai sa famfon ya sha wahala, ya ja wuta da yawa, ya yi zafi. Da safiyar hunturu kuwa, watan Janairu, rufin zai riƙa jan jiki har na'urar da ke kula da shi ta ga lokaci ya wuce ta katse aikin. Yoyon kuma ba zai tsaya ba. Robar da ta shekara talatin ta riga ta ruɓe, ƙarfin da ke bayanta yakan kusanci bar 200 a ma'aunin matsi. Tayar motarka bar biyu da ɗoriya ce. Kauri ba ya tare wannan.

Lawali Mai Tifa: Injiniya, ku da littafi. Mu da hannu muka sani.

Injiniya Rabi'u: Hannun ne ya rubuta littafin, maigida.

Habu Kayan Mota: To jan man giyar fa? Shi ai ba shi da kauri sosai, kuma na ma'adini ne. Ni dai na san mutane na sawa kuma rufi na tashi.

Injiniya Rabi'u: Zai tashi, ban musa ba. In mutum na daji ruwa na shirin sauka kuma shi kaɗai ke hannu, ba zan ce ya bar motar a buɗe ba. Amma ya fi ZH-M kauri, kayan haɗinsa na kulocin giya ne, kuma ja ne. Yoyon Sanusi a saman kai yake. Tabon jan mai a kan yadin cikin rufi ba ya fita.

Hajiya Balki: Yauwa, nan nake jira a zo. Ni ban san bar ba, ban san bawul ba, amma na san shadda da leshi. Sanusi, amarya za ka ɗauka a motar da ke ɗigar mai daga sama? Ko fari ne ko ja, in ya sauka kan lulluɓinta ranar kai ta, wallahi sai jikokinta sun ji labari. Ku gyara yoyon tukuna, sannan ku yi ta gardamarku.

Sanusi: Hajiya, ango da abokinsa ne za su shiga, kujera biyu gare ta.

Hajiya Balki: Babbar rigar ango kyauta aka ɗinka ta?

Nafi'u Beljiyam: Hajiya ta gama magana. Game da samun man, ga wata dabara. In ka je shago ka ce man rufin SL, kallon ka kawai za a yi. Ce musu man da ake zuba wa ƙafar baya ta doguwar Mercedes, W123 ko W124 mai ɗaga bayanta da kanta in an yi mata lodi. Shi ne dai wannan 343.0 ɗin. Masu tsofaffin kayan Mercedes sun san shi, ko a Yamai ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka duba lambar a jikin kwalba, ka tabbata murfin ba a taɓa ɓalle shi ba. Sayi lita biyu, tunda wanke tsohon za ka yi, ba ƙari kawai ba.

Habu Kayan Mota: Ina da mai shiga Kano ta Ɗan Isa da Jibiya ranar Litinin. In an turo mini hoton kwalbar sai in ba shi saƙo. Kuɗinsa dai ba na jan mai ba ne, in faɗa tun yanzu.

Hajiya Balki: Araha ba ta ado, Habu.

Ɗan Tibiri: Ni tambayata daban ce. Mi za a yi da mota marar rufi a Maraɗi? Rana ta gasa ka, ƙura ta rufe ka, damina ta jiƙa ka. A mayar da rufin ƙarfe a huta, ko a sayar a sayi Hilux.

Sanusi: Yaya, ta mahaifi ce. Ba ta sayarwa ba ce.

Ɗan Tibiri: Allah ya jiƙan Alhaji. Na janye ta sayarwa, ta rana dai tana nan.

Malam Sabi'u: A dawo kan magana. Baba Ila, har yanzu ba a faɗa wa yaron nan yadda ake fitar da iskar ba. Ina ƙusar da ake kwancewa?

Baba Ila: Babu ita, Malam, kuma nan ne yaran gareji ke ɓata wa mutane mota, su bi tiyo suna sassautawa suna neman inda iska za ta fito. Birki hanyarsa toshe take a ƙarshe. Mai ya tafi taya ya tsaya, ba ya zagayowa, don haka iskar da ta maƙale can sai an buɗe mata ƙofa. Na rufi kuwa zagaye yake. Famfo ya tura mai ta gefe ɗaya na fistin, wanda ke ɗaya gefen ya koma tanki. Duk buɗewa da rufewa na kwaso iska ta kai tanki, can ta taso sama ta rabu da mai. Aikinka kawai ka tabbata bakin famfo na cikin mai koyaushe, ka kuma yi haƙuri.

Ga yadda nake yi. Mota a inuwa, a wuri mai daidai, ba da tsakar rana ba, ba kuma ranar da iska ke tada ƙura ba. Ka fitar da safayar taya, ka share kewayen tankin tas kafin ka buɗe murfi. Wannan sharar kada ka raina ta, ƙwayar rairayi ɗaya in ta shiga bawul sai ta hana ka barci. Tsumma marar gashi za ka sa, ba tsohon tawul ba. Ka sami babban sirinji sabo daga shagon magani da guntun tiyon ƙarin ruwa, ka zuƙe tsohon man duka. Ka haska tocila ka ga gindin tankin. In akwai baƙin tabo kwance, ragowar robobi ne da suka narke, ka goge abin da hannunka ya kai. Sannan ka zuba sabo zuwa layi.

Tsohon mai da yawa na nan cikin silindoji da tiyoyi. In kana so ya fita, ka cire tiyon da ke dawo da mai cikin tanki ka sa bakinsa cikin gorar ruwa da ba kowa a ciki, ka kafa ta da kyau kada ta faɗi. Ka tada inji, famfon nan cin wuta gare shi, batir kaɗai ba ya riƙe shi. Ka rufe but kafin ka danna, don murfin tamfol da murfin but suna iya karo. Danna kaɗan, ka tsaya, ka buɗe ka duba. Abin da ya fita cikin gora, ka mayar da kwatankwacinsa sabo a tanki. Kada ka yarda tankin ya bushe, in ya bushe ka koma gidan jiya. Haka za ka yi ta yi har wanda ke fitowa ya yi haske. Ƙarfen kariyar ma ka ɗaga shi ka sauke da maɓallinsa, shi ma akwai tsohon mai a cikinsa. Daga nan ka mayar da tiyo wurinsa.

Sauran aikin buɗewa da rufewa ne. Na farko zai yi ta fizga, famfo na gurnani, wani lokaci sai wani ya ɗan tallafa wa rufin da hannu daga tsakiya. Ka bar famfon ya huce tsakanin zagaye da zagaye, ka taɓa jikinsa, in hannu ba ya jurewa ka dakata. In ka ga man ya yi kumfa kamar an kaɗa nono, kashe mota ka je ka sha shayi. Mai kumfa in ka ci gaba da tura shi, iskar da ka fitar ce kake mayarwa. Da ya kwanta ka duba layi ka ƙara. Za ka ji da kunnenka sa'ad da ta fita, kukan famfo zai daidaita, rufin ya riƙa tafiya sumul ba tsalle.

Injiniya Rabi'u: Ga wanda ke mamakin me ya sa ƴar iska ke tsayar da rufi, ya gwada da sirinjin nan. Cika shi da ruwa ka toshe baki da yatsa ka danna, ba zai motsa ba. Cika shi da iska ka danna, zai shige har rabi. Ƙarfin famfo yana ƙarewa wajen matse iska, bai kai ga fistin ba.

Ƙari ɗaya kan layin tanki, don mutane da yawa na cikawa har baki su ga ya yi ambaliya. Silinda gefenta biyu ba daidai suke ɗaukar mai ba, gefen da sandar ƙarfe take sandar ta cinye wani wuri. In sanduna sun fito waje, mai da yawa na cikin silinda, tanki ya sauka. In sun koma ciki, mai ya dawo tanki ya hau. Saboda haka ka riƙa dubawa rufi na matsayi ɗaya kullum, ƙarfen kariya a sauke, kuma kada ka wuce layin sama. In ka cika a lokacin da tanki ke ƙasa, da sanduna sun koma sai ya malale cikin ramin taya.

Lawali Mai Tifa: Wannan kam haka yake ko a tifa. Ba a cika tanki bodi na sama.

Baba Ila: Ka ga mun haɗu a wani wuri, Lawali. Tunda kai ne mai manyan jak, faɗa musu batun yatsa.

Lawali Mai Tifa: Wannan ba wasa. Kada wanda ya bi tiyo da yatsa yana neman yoyo famfo na aiki. Mai da ke fita ta ƙaramar huda da irin wannan ƙarfin yana huda fata ya shige cikin nama. A waje sai ka ga ɗan ɗigo kamar ba komai, ciki kuwa yana kashe naman. Wanda ya same shi ya nufi asibiti a take, ya gaya wa likita mai ne ya shiga, kada ya tsaya shafa wani abu. Da guntun kwali ake neman yoyo. Kuma rufi in ya tsaya a rabi kada ka sa kai ko hannu cikin ƙarafunansa, ƙarfin mai na sauka a hankali, zai iya faɗowa ba sallama. A tokare shi da itace mai tsumma a baki. Yara kuma a kore su daga wurin.

Nafi'u Beljiyam: A ƙara da ƙarfen kariya, kada kowa ya jingina a kansa ko ya ɗora kaya. Sannan Sanusi, kafin ka motsa tamfol ɗin nan da ya daɗe a naɗe, tagoginsa na baya roba ce ba gilashi ba. Ka wanke ƙurar da ruwa, kada ka goge a bushe, zai karce. Ka bar shi ya ɗan sha ɗumi ya yi laushi kafin naɗewa, in ya bushe ƙaƙas tsagewa yake. Ka kuma nemi ɗan ƙarfen kulle rufi da hannu da ke cikin jakar kayan aikin motar, da shi ake kulle rufin in famfo ya ƙi. Gara ka koyi amfani da shi a gida da ka koya a hanyar Madarunfa hadari na tasowa.

Sanusi: Na gode ƙwarai iyayena. To yanzu wanne zan fara, mai ko silinda? Biki saura ƙasa da wata.

Habu Kayan Mota: Zuba mai ka yi biki, ka ɗaura tsumma a saman gilashi. Gyara ya biyo baya.

Hajiya Balki: Habu, Allah ya shirye ka.

Nafi'u Beljiyam: A nan in an samu ɗaya ta fara yoyo, duka ake cirewa a sake musu roba, don shekarunsu ɗaya. Ka gyara biyu, ƙarfi ya dawo daidai, sai mai rauni ta gaba ta fashe. Manyan da ke cikin bangon baya su ne masu wahalar kaiwa, kuma in sun zuba ba ka gani sai mai ya ɗigo gaban tayar baya.

Baba Ila: A Burasel ke nan, ɗana, inda ake aika silinda ta dawo cikin mako. Mu nan a bi a hankali. Ni shawarata a zuba man kirki a fitar da iska tukuna, don sai tsarin ya samu ƙarfi za a san su wa ke yoyo. A shimfiɗa leda da tsumma kan kujeru da sitiyari lokacin gwaji. Biyun gaba dai mun riga mun san hukuncinsu.

Lawali Mai Tifa: Robobin kuwa akwai su a kasuwa, cike da kwali, kowane girma.

Injiniya Rabi'u: Zoben roba na kwali ba shi ne asalin abin da ke bakin sandar ba, na asali yana da leɓe da ke ƙara damƙe sanda in ƙarfi ya hau. Zobe zai riƙe na wani lokaci in girmansa ya yi daidai kuma mai jure man ma'adini ne. Na famfon ruwa kada a ko gwada. A kuma kula wajen buɗe silindar, in aka karce sandar da filaya, kowace roba aka sa sai ta yanke ta.

Malam Sabi'u: Sanusi, zaure na jiran labari. An ce Habu ya kawo saƙo.

Sanusi: Gafara dai, Malam. Man ya iso, lambar ta yi daidai da hoton da Yaya Nafi'u ya turo. Mun bi yadda Baba ya tsara. Abin da ya fito cikin gora baƙi ƙirin, da ɗan gari-gari a ƙasa. Yanzu rufin na tashi ba fizga, yana kai wa har saman gilashi. Sai dai matsala biyu. Na hagu a gaba yana zubar da mai sosai, har ya cika tsumma. Sannan in ya zo kullewa ta ƙarshe a baya sai ya tsaya, jan maɓallin na ƙyaftawa.

Lawali Mai Tifa: Iska ce ta rage. Ko kuma man ya yi tsinkin da na faɗa.

Baba Ila: Sanusi, sa'ad da ya tsaya, famfon na ci gaba da kuka ko shiru yake yi?

Sanusi: Shiru, Baba. Ɗif.

Baba Ila: To ba iska ba ce, ba kuma mai ba ne. In famfo na kuka rufi bai motsa ba, a nemi laifin a wajen mai. In famfo ya yi shiru maɓalli na ƙyaftawa, na'urar ce ke jiran labari. Kowane makulli da kowace gaɓa akwai ɗan ƙaramin makunni da ke gaya mata wannan mataki ya cika, a wuce na gaba. Ɗaya daga cikinsu bai taɓu ba, ko ƙura ta daskare a kansa, ko tamfol ɗin ya ƙanƙance don daɗewa a naɗe har bakar baya ba ta sauka inda ya kamata. Ka sa mutum ya ɗan danna bakar da tafin hannu daga waje lokacin da kake riƙe da maɓalli, yatsunsa nesa da bakin makulli. In ta kama, mun san inda za mu dosa.

Nafi'u Beljiyam: Ƙanƙancewar tamfol na faruwa sosai. In ya kullu a bar shi a rufe ya kwana biyu a haka, yadin zai saki.

Lawali Mai Tifa: Ni dai har yanzu da an sa nawa da na hagun nan bai zubar haka ba.

Injiniya Rabi'u: Da bai kai saman gilashin ba balle ya zubar.

Lawali Mai Tifa: Za mu gwada a wata motar. Baba, in za a buɗe silindojin a kira ni, akwai mai injin gyaran ƙarfe a Sabon Gari da ke yi mana na tifa, hannunsa na da kyau.

Baba Ila: Zo da shi, amma ya bar manyan filayunsa a shago. Sanusi, gobe bayan la'asar zan biyo mu cire biyun gaba. Kada ka sake danna maɓallin daga yanzu, a bar ƙarfin man ya sauka. Tiyoyin akwai lamba a jikin kowanne, ka ɗauki hotonsu da salula kafin mu taɓa komai. Ka tanadi ƙananan ledoji da zare na ɗaure bakunansu saboda ƙura, da faranti na zuba ƴan ƙarafunan da ke riƙe tiyo, don in ɗaya ya faɗa cikin rairayi ba mai sayar maka da shi a garin nan. Ragowar man kuma a rufe shi da kyau, za mu buƙace shi bayan an mayar da su.